Hajiya Tchima da Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

"…ya kwanan amaryata? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, mijin wahala. Rana ta raba tsaka kake tambayar kwana? Da a garin mutane ne, da tuni na kai ƙararka wajen alƙali."

"Alƙalin cewa zai yi in ƙara haƙuri, tunda na auri wadda ta girmi kotun."

"Ja'iri. Ɗauki jakar nan mu tafi, kada jirgi ya tashi ya bar mu."

Hamissou ya dubi jakar, ya dubi kakarsa, ya sake duban jakar. Hajiya Tchima ta ci ado da shaddarta mai ruwan toka, wadda ba ta taɓa fito da ita daga akwati ba tun ranar da ta sauka Greensboro ta Amurka, ta yafa babban mayafi, ido ya sha kwalli. Jakar kuwa cike take dam. Akwai dabino, akwai ƙuli-ƙulin da ta wuni tana soyawa jiya, ga gorar ruwa, ga buta, ga darduma, har da bargo a naɗe.

Ga yadda aka yi aka zo nan. Wata huɗu ke nan da Daouda, mahaifin Hamissou, ya je Damagaram ya taho da tsohuwarsa, bayan ta fita takabar mijinta Alhaji Moutari. Tun da ta zo take zaune a bakin taga, a hawa na biyu na wani gidan haya da ke bayan High Point Road, tana kallon motoci suna wucewa ba mai ɗago mata hannu. Ranar Laraba sai ta yanke hukunci: azumi saura mako uku, kuma a gida za ta yi shi, a saya mata biye, wato tikitin jirgi. Gidan da take magana kuwa ba kowa a cikinsa sai ƙadangaru, ita ga hawan jini, ga ciwon ƙafa. Daouda bai iya musu da uwarsa. Ya ce to, in Litinin ta yi ba ta sake shawara ba, zai sayi tikitin. Sannan ya ja ɗansa gefe ya ce, "Kai ne mijinta. Ni in na yi magana rashin kunya ce, kai in ka yi wasa ne. Ka san yadda za ka yi ta zauna."

Shi kuwa Hamissou, ɗan shekara ashirin da biyu, ɗalibin injiniya da ya baro Nijar yana da goma, ya kwana biyu yana tunani, ya fito da irin dabarar da sai ɗan boko ke iya fito da ita. A makaranta an ba shi aikin rubuta tarihin jiragen lilo na wuraren wasa, ya haddace shi tas. Ga shi kuma bikin wasannin da ke zuwa gari duk shekara ya sauka a babban filin nan na bakin titi. Sai ya ce a ransa, bari ya kai tsohuwa ta ga Amurka ba taga ba ce kaɗai. Yau Asabar, kwana biyu ya rage masa.

"Hajiya, na fa gaya miki jirgin wasa ne," ya ce bayan sun hau titi a mota. "Ride ne kawai. Minti biyu an gama."

"Yana da layin dogo?"

"Yana da shi."

"Yana da taragu?"

"Yana da su, amma…"

"Mutane na zama a ciki?"

"Suna zama."

"To jirgi ne. Kakanka shekara arba'in da biyu yana yi mini alkawarin zai kai ni Kano in shiga jirgin ƙasa, tunda mu a Nijar Allah bai ba mu ba. Har ya koma ga Ubangijinsa ko hayaƙinsa ban gani ba. Kai kuma ka zo kana ce mini minti biyu. Mazan gidan nan duk bakinku ɗaya."

"Ni ai na fi shi. Shi a kan raƙumi ya auro ki."

"Raƙumin nasa ne. Kai wannan gwangwanin na ubanka ne, kuma tari yake yi."

Hamissou ya yi dariyar yaƙe. Bai san da maganar alkawarin Kano ba sai yau.

Filin ya cika maƙil. Kiɗa ta ko'ina, ƙamshin soye-soye, yara na gudu da alewar auduga a hannu. Hajiya ta dafa kafaɗarsa tana tafiya a hankali, tana kallon komai da idon mai sayen akuya a kasuwa. Ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon wani ƙaton abu mai kama da ƙafar keke yana juyawa da mutane.

"Wancan ƙaton garen fa, na wane yaro ne?"

"Wannan lilo ne. A Chicago aka fara yin babbansa, shekarar alif ɗari takwas da casa'in da uku. Mutum sama da dubu biyu yake ɗauka lokaci guda."

"Ina yake kai su?"

"Sama."

"Sannan?"

"Ƙasa."

"Sannan?"

"Sama kuma."

"Guga ke nan. Yana ɗebo ruwa?"

"Ba ya ɗebo komai, Hajiya. Gari ake kallo."

"Mutum dubu biyu, guga ɗaya, ba ruwa. Wuce mu tafi."

Suka iso wajen dawakan katako masu zagayawa. Hamissou ya gyara murya ya ce asalin wannan wasan mahaya ne, da irinsa ake koya wa samari riƙon mashi a zamanin da. Hajiya ta tsura musu ido har suka zagayo sau huɗu.

"Wancan farin na baya tun ɗazu yake bin baƙin, bai kamo shi ba."

"Ba zai kamo shi ba. A kafe suke."

"To me yaran ke murna?"

Wannan tambayar ba ta cikin littattafai bakwai da Hamissou ya aro.

Sai ga su a gaban abin da suka zo dominsa. Ƙarafa ne ja da rawaya a harɗe, sun yi tudu, sun yi kwari, sun murɗe kamar hanjin rago. Taragu huɗu suna hawa a hankali, suka kai ƙololuwa, suka ɗan yi jim, sannan suka sulalo. Ihun da ya tashi ya sa Hajiya ta damƙe hannunsa.

"Innalillahi! Hatsari!"

"Ba hatsari ba ne. Daɗi suke ji."

"Daɗi? A garinmu mai wannan ihun, ko gobara ce ko kunama."

Kafin ta rufe baki taragun sun zagayo sun tsaya a gabansu, mutane na fitowa suna dariya, gashi a tsaye.

"Ga su sun dawo. Mantuwa suka yi?"

"A'a. Sun iso ne."

"Ina?"

"Nan."

"Ai nan suka tashi."

"E, nan suka tashi."

"Hamma," ta ce, sunan da take kiransa da shi in ta ga kamar ba shi da lafiya, "ko dai ranar nan ta buge ka?"

Ya zaunar da ita a kan wani benci, ya ajiye jakar, ya ce bari ya ɗauko mata abin daga tushe, za ta gane. Wallahi ya yi imani da haka har zuciyarsa, abin tausayi.

"Shekara ɗari uku da wani abu da suka wuce, a ƙasar Rasha, sai su gina tudu na katako, dogo, su kwarara masa ruwa. Sanyi ya daskarar da ruwan ya zama ƙanƙara. Sai mutum ya hau sama ya zauna kan wani abu ya sulalo."

"Babba da gemunsa?"

"Har da sarakuna."

"Yaran unguwarmu na yin haka a tudun rairayi da murfin kwano, dukansu muke yi."

"To Faransawa suka gani suka so, amma ƙasarsu ba sanyin da zai riƙe ƙanƙarar. Sai suka sa wa abin ƙafafu, suka yi masa dogo. Shi ya sa a lekol, makarantun bokonku na Nijar, ake ce masa duwatsun Rasha."

"To na Rasha ne."

"Su kuma Rashawan duwatsun Amurka suke ce masa."

"Su Amurkawan fa?"

"Su ba su ce na kowa ba ne."

"Abin da kowa ke tura wa maƙwabcinsa, shi ka ɗauko matarka ka kawo ta ta shiga? Ba shi da uba fa ke nan."

"Tsaya mana, amarya, ban zo wajen mai daɗin ba. A nan ƙasar, a Pennsylvania, akwai wani dogo da aka shimfiɗa daga kan dutse don sauko da gawayin ƙasa. Ba inji. A cika taragu a sake su, su gangaro da kansu. Alfadarai ne ke jan su su mayar sama. Kuma da yake alfadaran za su gaji, sai aka yi musu nasu taragon, su ma su gangaro a zaune."

"Alfadari a zaune cikin jirgi."

"A tsaye dai. Suna cin ciyawa. Da mutane suka ga haka sai suka ce su ma a ɗauke su, za su biya."

Hajiya ta fara lissafi da yatsu. "Gawayi ya shiga. Alfadari ya shiga. Nasara ya ga alfadari ya yi sha'awa. Yanzu kuma layi ya zo kan mijina. To ai tarihin ya tafi daidai, kowa na bin na gabansa."

"Ke kuma kina bin wa?"

"Ni rakiya na zo."

Ya ci gaba, don ɗan boko in ya fara ba ya tsayawa sai ya kai aya. Ya ba ta labarin na farko da aka gina don wasa zalla a bakin teku a New York, wanda gudunsa bai wuce mil shida a awa ba. Ta ce jakin mai kai musu itace ya fi shi sauri, kuma shi yana isowa da itacen. Ya ce ko a nan Greensboro, unguwar Lindley Park da suke wucewa in za su asibiti, wurin wasa ce shekara ɗari da suka wuce. Masu jirgin lantarki na cikin gari ne suka gina ta a ƙarshen layinsu, don mutane su sami dalilin hawa ranar hutu. Ta ce wannan ta gane, direban tasha ne ya haƙa tafki don a yi ta zuwa kallo. Ya ji daɗi ta gane abu ɗaya, sai ya zaƙe.

"Kuma kin san abin mamaki? Wannan da kike gani ba shi da inji. Sarƙa ce ke jan shi zuwa tudun farko, daga nan nauyinsa ne ke tafiyar da shi har ƙarshe."

"Direban fa?"

"Babu direba."

"Ba inji, ba direba. Wancan yaron mai jan kunne da ke danna abu fa?"

"Shi sallamarsu kawai yake yi."

"Shi ba ya shiga?"

"Ba ya shiga."

"Ya fi ku hankali. In an gama bikin ina jirgin ke zuwa?"

"Kwance shi ake yi, a loda a manyan motoci, a kai wani gari."

"A ɗauki jirgi a kamiyo." Ta riƙe haɓa. "Jirgin ba ya kai mutum ko'ina, shi ma sai an kai shi. Hamma, ka rantse da Allah wannan karatun ubanka ke tashi da asuba dominsa?"

Ta bi taragun da kallo suna sake dawowa wurinsu. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Amma abu ɗaya na yaba masa. Inda ya ɗauki mutum, nan yake maido shi. Wanda ya ɗauko ubanka shekara biyu aka ce, yau sha biyar."

Maganar ta daki Hamissou a ƙirji. Ya miƙe ya ce bari ya je ya dubo layi. A bakin ƙofar shiga ya ci karo da allo, fari da jan rubutu, wanda duk karatun da ya yi bai sa ya tuna da shi ba: mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon baya, kada ya hau. Ya karanta sau biyu. Ya ɗauko tsohuwa, ta yi kwalliya, ta yi guzuri, ta tuno alkawarin shekara arba'in da biyu, ga shi ko ƙofar ba za ta wuce ba. Ya dawo yana jan ƙafa.

"Hajiya… sun ce mai hawan jini ba ya shiga."

"Wa ya gaya musu?"

"A rubuce yake."

"Sunana?"

"A'a, kowa da kowa."

Ta dubi jakar, ta gyara mayafinta. Bai taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, har ya gwammace ta zage shi.

"To ba komai," ta ce. "Kai sau nawa ka hau?"

"Ni? Ai ni na san yadda yake aiki. Ƙafafunsa kashi uku ne, wasu a sama, wasu a gefe, wasu a ƙarƙashin dogon suna riƙe…"

"Sau nawa?"

"Lissafinsa ma na…"

"Hamma."

"Ban taɓa ba."

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga mijina! Tun ɗazu yake ba ni labarin Rasha da alfadarai, ashe ko alfadarin ya fi shi zuciya! To wallahi yau sai ka hau. Ka shigar mini, tunda kakanka bai kai ni ba, kai ma ba ka kai ni ba. Aƙalla ɗaya daga cikinku ya cika rabin alkawari."

Ba yadda ya iya. Ya juya zai tafi, ta fizgo rigarsa.

"Ina za ka? Haka ake tafiya a gidanku? Tsuguna."

"Hajiya, mutane na kallo."

"Su kalla. Matafiyi ba ya fita bai nemi gafara ba. Abin da ba direba ai ba a shigarsa da haƙƙin mutane a wuya."

Ya tsuguna a gaban bencin, a tsakiyar Amurkawa masu cin masara. Ya ce ta yafe masa. Ta ce ta yafe, ban da turaren da ya sace mata yana ɗan shekara shida. Ta karanta addu'ar tafiya tun daga farko har ƙarshe, ta tofa masa a ka, ta cusa masa dabino a aljihu.

"Ka gaida mutanen can."

"Waɗanne mutanen?"

"Duk wanda ka tarar."

Aka danne shi da ƙarfe a kujera, kusa da wata yarinya mai taunar cingam ko a jikinta. Sarƙa ta kama, ƙaƙas, ƙaƙas, ƙaƙas. Hamissou ya gaya wa kansa cewa ƙafafun kashi uku ne. Ya gaya wa kansa nauyi da gudu da duk abin da farfesa ya rubuta a allo. Daga sama ya hango High Point Road ta miƙe, ya hango dogayen gine-ginen tsakiyar gari, ya hango wani ɗan ɗigo mai ruwan toka a kan benci. Sarƙar ta yi shiru. Daga nan ilimi ya tattara nasa ya nasa ya bar shi shi kaɗai, ya buɗe baki ya saki abin da shi kansa bai san yana ciki ba.

Da aka buɗe ƙarfen, ya sauko. Ya fito yana dafa shinge, sai ya ga layi. Ba layin jirgi ba, wani sabon layi ne, mutum ya kai goma sha biyar, ya miƙe har gaban bencin kakarsa. Hajiya ta buɗe jaka tana rabon dabino da ƙuli-ƙuli, hannu bibbiyu. Wasu na miƙo mata dala tana ture hannunsu tana cewa, "Sadaka! Sadaka ce! Ku ce Allah ya maido shi lafiya!" Su kuma suna gyaɗa kai suna murmushi, na baya na tambayar na gaba me ake rabawa. Wani ƙaton mai gadi na tsaye a gefe da ƙuli-ƙuli a hannu, ya rasa ko kama ta zai yi ko godiya.

Hamissou ya tattaro sauran numfashinsa ya yi shela da Turanci cewa akwai gyaɗa a ciki, don a ƙasar nan gyaɗa na kai mutum asibiti. Sannan ya yi wa mai gadin bayani: ba sayarwa take yi ba, sadaka ce don jikanta ya yi tafiya. Mai gadin ya ce tafiya ina? Hamissou ya nuna jirgin. Mai gadin ya dubi jirgin, ya dubi tsohuwar, ya gatsa ƙuli-ƙulinsa ya wuce yana waiwaye.

"Maraba, maraba da mutanen nesa!" in ji Hajiya, ta matsa masa wuri. "Sannu da hanya. Kai, ka rame! Zauna. Ya hanya?"

"Hajiya, don Allah…"

"Ya ka baro su?"

Ya zube a kan bencin. Ya ga ba mafita sai ya bi ta. "Suna lafiya. Suna gaishe ki."

"Ina amsawa. Ya damina a can?"

"Iska ce dai ta yi yawa."

"Haka muka ji labari. To ina tsarabata?"

"Wace tsaraba kuma?"

"Au! Namiji ya yi tafiya, matarsa ta yi masa guzuri, ta yi masa sadaka, ya dawo mata hannu rabbana? A ina aka taɓa yi?"

Ya laluba aljihu, ya fito da dabino ɗaya da ya tsira, ya miƙa mata.

"Guzurina za ka maido mini? Allah wadaran wannan aure. Kowa mijinta ya je Makka ya kawo zobe, nawa ya je sama ya kawo ihu."

"Ni ban yi ihu ba. Yarinyar da ke kusa da ni ce."

"Yarinyar ce ke cewa wayyo Inna? Yarinyar ce ta yi kalmar shahada sau uku, ta ce ta tuba, ta bi Allah ta bi Hajiya?"

"Kin ji daga nan?"

"Duk filin nan an ji. Mutum ashirin na ihu da Turanci, ɗaya na yi da Hausar Damagaram. Ko a cikin dubu zan tsince ka."

Ya rufe fuska da hannu yana dariya, kunya kamar ya nutse. Da ya ɗago sai ya ga ita ba dariya take yi ba. Tana kallon taragun da ke sake hawa tudun.

"Hamissou," ta ce. Rabon da ta kira shi da cikakken sunansa har ya manta. "Kai da ko mafarki da Turanci kake yi, ina jin ka ta bango. Amma da aka kai ka can sama aka sake ka, gida ka kira. To ni kullum a can sama nake. Tun da na zo. Na tashi a can, na kwanta a can, ba wanda ya zo ya buɗe ƙarfen."

Duk dabarar da ya shirya ta watse. Tausayinta ya kama shi, da tsoron Litinin, da haushin kansa da ya ɗauka alewar auduga da dawakan katako za su maye mata gari guda. Sai ya bar wasa ya faɗi gaskiya.

"Ni ba na so ki tafi, Hajiya. In kin faɗi a gidan nan wa zai ɗaga ki? Baba ba ya barci tun Laraba, kunya ce ta hana shi gaya miki."

"Na sani. Ni na haife shi."

"To ki jira ni. A watan Mayu zan gama. Ni zan kai ki da kaina, har ƙofar gida. In share miki tsakar gida, in nemo wadda za ta zauna da ke, in yi wata uku. Ba wai in sa ki a jirgi in juyo ba."

"Kai? Shekara goma sha biyu ba ka taka ƙasar ba. Ko hanyar kabarin kakanka ba ka sani ba."

"Ke za ki nuna mini."

Ta juyo ta ƙare masa kallo, tun daga gashin da ya hargitse har takalmin da igiyarsa ta kwance.

"Awa nawa ne a jirgin sama?"

"Da tsaye-tsaye, ya fi ashirin."

"Minti biyu ka tara mini jama'a. Awa ashirin ai sai an saukar da mu a teku."

"Sai ki riƙe mini hannu. Meye amfanin auren babbar mace?"

Dariyar ta ƙwace mata. Ta yi ta har mayafi ya zame, har ta share ido da gefensa, har wata mata da ke wucewa ta tsaya ita ma tana dariya ba ta san dalili ba. Da ta lafa, sai ta sa hannu a wuyanta ta zaro wani siririn zare daga cikin riga. Makulli ne a jiki, tsoho, baƙi, irin na kwaɗon ƙofar zaure. Ta kamo hannunsa ta danƙa masa, da ɗuminsa.

"Ungo. Maigida ke riƙe makulli. In ka ɓatar da shi, ni zan sake ka, saki uku, a gaban ubanka."

Hamissou ya rufe hannunsa a kai.

"Ka gaya wa Daouda ya bar maganar biyen nan sai Mayu," ta ce, ta dafa gwiwarsa ta miƙe. "Kuma guda biyu zai saya."